Ramin Kawu Gambo

Kalma biyu na faɗa a bakin wani fangalin albasa, yau shekara talatin da wani abu, kuma da ana mayar da magana ciki, da su zan fara haɗiyewa. Wani mutum ya tambaye ni, na ce masa, "Ita ce." Alhali ba ita ba ce. Abin da ya kai ni ga faɗar haka, da abin da ya biyo baya, shi zan rubuta muku, ku samarin da ke zama a rumfata kuna cewa sassaƙa ba ta wuce sara da ƙarfin damtse ba. Karatuna bai yi nisa ba, sai ku karɓi maganar yadda ta fito.

Sunana Sule, masassaƙi ne ni a Unguwar Ya, cikin ƙasar Birnin Kudu. Turmi nake yi da taɓarya, da akushi, da kujerar mata, da ƙotar fartanya, wani lokaci da allo in malamai sun kawo aduwa. Wanda ya koya mini shi ne Kawu Gambo, ƙanen mahaifiyata, dogo mai ƙarancin magana, wanda gashin hannunsa kullum ja yake da garin itace.

Turmin farko da na rarake da hannuna na ƙirya ne. Mun sare itacen bayan kaka, muka bar gungumen a inuwar tsamiya har ya daina zubar da ruwa. Da gatari ake fitar da siffar waje, sannan a ɗauki babban gizago a gyara ƙugu da gindi. Ciki kuwa sai ƙaramin gizago mai lanƙwasasshen baki, kana sara kana juya gungumen da gwiwa, kana sauraro. Bango in ya yi kauri, ƙarar a toshe take fita. In ya fara siriri sai ta buɗe, nan ne za ka dakata. Ni ban dakata ba. Saran ƙarshe ya huda gefe, haske ya shigo. Kawu ya leƙa ta cikin ramin da ido ɗaya, ya dube ni, ya ce, "Madalla. Ka yi wa kaji wurin ƙwai."

Amma kafin in taɓa gizago sai da na yi shekara biyu ina shara. A wajen Kawu shara ita ce farkon sana'a. Da la'asar, in rana ta karkata ta shigo ta tsakanin karan rumfa, sai ka ga garin itace yana yawo a cikin hasken, a hankali, kamar ba ya son sauka. Nakan tsaya da tsintsiya a hannu ina kallo har Kawu ya yi gyaran murya. Daga nan sai rarrabewa. Manyan sassaƙe na murhu ne, a kai cikin gida. Abin da ya fito daga itacen samberu a ware shi a ƙone nesa, don yana kashe awaki. Ƙananan ɓarɓashi kuwa, da garin da makankari da magagari suke zubarwa, waɗannan na rami ne.

Ramuka biyu ne a bayan rumfar, kowanne zurfinsa ya kai ƙirjin mutum. Kawu yakan ce ɗaya yana ci, ɗaya yana barci. A wanda ke ci, za ka shimfiɗa garin itace kaurin tafin hannu uku, ka bi shi da kashin awaki da na kaji kaurin tafi ɗaya, ka watsa toka, ka yayyafa ruwa. Haka za a yi ta yi har ya cika, a rufe da ganye da ƙasa, a bar shi damina biyu. Ranar da za a buɗe, da sassafe lokacin sanyi, tururi ne ke tashi daga cikinsa kamar an sauke tukunya. Abin da ka zuba ja da fari ya koma baƙi ƙirin, mai laushi, gwazarma da tana suna kai da kawowa a ciki. Kawu zai damƙi ƙasar ya kai hanci, ya lumshe ido.

"Shinshina," ya ce mini wata rana. "Wane itace ne?"

Na shinshina na ce, "Ban gane ba, Kawu. Ƙamshin ruwan farko nake ji."

"To ta nuna. Muddin hancinka zai iya kiran sunan itacen, ƙirya ne ko maɗaci, bai mutu ba tukuna. Ɗanyen itace mayunwaci ne, Sule. In ka shimfiɗa shi a sama, a gindin bishiya, zai tare rana ya riƙe laima, babu laifi. Amma in ka binne shi a inda saiwa take, abincin da ke cikin ƙasar shi zai fara cinyewa, shukar ta tsaya tana kallo. Sai ya ƙoshi sannan yake ciyarwa."

Na ji, na kuma riƙe. Kada wani ya ce rashin sani ne ya sa ni abin da na yi.

Wani akushi na tuna, na itacen maje, da wata Bafulatana ta zo saya ranar kasuwa. Ta juya shi, ta ƙwanƙwasa, ta lasa gefensa da harshe, ta ce ɗacin itace bai fita ba, zai ɓata mata fura. Kawu bai yi musu ba, ya karɓe ya ba ta wani. Da ta tafi ya ce mini, mata ba a yi musu wayo a kan itace, su suke zama da shi. Mai sayen turmi kuma ba ta kallonsa, taɓarya take ɗauka ta buga sau uku ta karkata kunne. Na taɓa ganin wata tsohuwa ta buga turmi bakwai ta ce duk mura suke yi.

A cikin masu zuwa rumfar, mutum ɗaya ne ba turmi ke kawo shi ba. Yaya Iro ke nan, mai lambu a fadamar da ke gabas da gari. Ya girme ni da 'yan shekaru, gajere ne mai faɗin kafaɗa saboda jan jigo. Albasarsa ja ce, mai faɗi, mai zaƙi har yara kan gatse ta ɗanya. Ya ce kakansa ne ya zo da irin a ƙulle a bakin rawani, daga wata ƙasa da shi kansa bai san sunanta ba, kuma tun daga lokacin gidansu bai taɓa sayen iri ba. Kowace shekara yakan ware manyan albasu, ya mayar da su ƙasa su yi fure, ya tara baƙin irin a cikin ɗan gora. Da damina ta ɗauke sai ka ji kukan jakunansa biyu a bayan rumfa, ya zo ɗibar ƙasar rami a mangala.

"Mai kashe itatuwa, ka tashi lafiya?" haka yake gaishe ni.

"Lafiya lau, Yaya. Tun kana bakin kogi warin albasa ya yi mana sallama."

"Warin da kake zuba wa miya kana lashe yatsu? Ɗauko kwando, malalaci."

In albasa ta nuna, sai mu tarar da kwando cike a bakin rumfa, ba a san lokacin da ya ajiye ba.

Da Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa, rumfar ta dawo hannuna, aiki kuma ya buɗe. Ana aiko mini daga Kwandiko, ana aikowa daga Gwaram, har na yi wa wani attajiri kyauren ƙofa wanda sai da mutum huɗu suka ɗauka. Na fara ganin shara ta yi mini ƙanƙanta. Garin itace sai in tura shi da ƙafa bayan rumfa ya taru tsibi, mata su ɗiba su hura wuta. Shekarar farko Yaya Iro ya kwashe ramin da Kawu ya rufe da hannunsa. Ta biyu ya kwashe ɗayan. Ban sake zuba ko tafi ɗaya ba, ban kuma gaya wa kowa ba. Ciyawa ta rufe bakin ramukan.

Sai mummunar shekarar ta zo. Ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai, ya tsaya haka a gona, fari fat, iska tana kaɗa shi ba nauyi. Abin da na fi tunawa shi ne shirun. Garin da kullum ƙarar daka ke tashe mu, turmi yana amsa wa turmi daga gida zuwa gida, sai ya zama ba ka jin komai sai kukan kurciya a kan duwatsu. Wa zai sayi turmi babu abin dakawa? Na zauna a tsakiyar turame goma sha wani abu, bakinsu a buɗe suna kallon sama. Idon kowa ya koma kan fadama, don can ne kaɗai ruwa ya rage a ƙasa.

Yaya Iro ya riga ya musanya albasar da ya ajiye da dawa, har manyan da ya ware don fure, saboda yara. Goran irin kaɗai ya rage masa, ya kuma zuba shi a wurin reno, ya tsiro kore shar kamar allurai. Sai ga shi da jakunansa.

"Bana ka cika mini mangalar har ta yi kuka," ya ce. "Lambun nan shi ne rumbuna. In ya yi, mun ga damina."

Abin da ya kamata in ce gajere ne: babu. Da ya yi faɗa, ya tafi ya nemi kashin shanu a rugage. Amma na ga yadda zai dube ni, ya dubi ramukan Kawu da ciyawa a kansu. Sai na ce ya dawo jibi, zan tone masa.

Kwana biyun nan na yi aikin da ban taɓa yin irinsa da himma ba. Na kwaso tsibin ɗanyen gari da ɓarɓashi, yawancinsa ƙirya. Na roƙo garin gawayi a maƙera, na haɗa da toka, na dama kashin shanu a ruwa na kwarara, na tattake da ƙafa har abin ya yi baƙi. Na zuba a cikin ramin, na yayyafa tsohuwar ƙasa a sama. Da ya zo ni na cika masa mangalar da kaina, na ɗaure bakin, ina ta jan sa da hira don kada ya kai hanci. A raina ina cewa, itace ai itace ne, zai ruɓe a can.

Ya kafta ta a cikin fangalinsa duka, ya juya da fartanya har ta shige ƙasa. Ya dasa rabin renon, ya bar rabi ya ƙara ƙwari.

Bayan kamar mako biyu ya aiko in zo. Na same shi a tsugune da hantsi, jigo a tsaye, guga tana lilo ita kaɗai. Ganyen da ya dasa ya koma ruwan ɗorawa tun daga tsini, ya tsaya inda aka sa shi, bai mutu ba, bai kuma motsa ba. Ga sauran renon can gefe, kore, ya isa dashe, ba zai ƙara kwana uku ba tare da ya lalace ba. Kusa da rijiya kuma akwai wani zirin ƙasa da bai zuba wa komai ba, don mangalar ba ta kai can ba.

"Sule," ya ce, ba wasa a muryarsa, "ruwan bai canja ba, irin bai canja ba, hannuna ne dai wannan. Abu ɗaya zan tambaye ka. In akwai wani abu game da ƙasar nan, gaya mini, in kai sauran can bakin rijiya. Wurin ya gaji, amma zai ba ni ko na iri. Ƙasar ramin Kawu ce kuwa, wadda ta yi damina biyu?"

Wani jan ɓarɓashi yana nan kusa da babban yatsan ƙafata, ruwa ya wanke masa gawayin. Na ɗora ƙafa a kai. Na ce, "Ita ce."

Ya yi ajiyar zuciya. Ya ce, "To shi ke nan. Ƙasar Kawu ba ta taɓa ba ni kunya ba. Wataƙila sanyi ne ya kama su, za su farfaɗo." Washegari ya dasa sauran duka a cikin fangalin da na lalata.

Ba su farfaɗo ba. Da aka tone, kowace albasa ba ta wuce gujiya ba, fatar ta yamutse, ba ta ci ba, ba ta ajiyu ba. Waɗanda ya yi ƙoƙarin ajiyewa don fure suka bushe kafin lokaci. Ya ce ƙasar ta mutu a hannunsa. Ya bar wa wani maƙwabcinsa lambun, ya ɗora kaya a kan jakunan, ya tafi Farin Dutse ta ƙasar Gwaram, inda dangin matarsa Rabi suke, ya koma yi wa mutane ƙodago. Ranar tafiyar har rumfa ya biyo ya yi mini sallama, ya ce in yafe masa bana babu kwando.

Damina biyu bayan haka na bi ta fadamar zan duba wani maɗaci. Na tsaya cak. Lambun Yaya Iro ya fi kowane lambu kore a wurin, ganyen albasa ya kai gwiwa, farar albasa irin ta kasuwa, kowace kamar dunƙulen hannu. Maƙwabcin yana jan jigo yana dariya.

"Masassaƙi, ka ga abin da Iro ya gudu ya bari? Ko tafin taki ban zuba ba!"

Na durƙusa na damƙi ƙasar. Baƙa ce, mai laushi, har wata tana ta sulale ta tsakanin yatsuna. Na kai hanci. Ba ƙirya, ba gawayi, sai ƙamshin ruwan farko. Itacen ya ƙoshi, ya fara ciyarwa, daidai lokacin da Kawu ya faɗa. Mai lambun ne kawai ba ya nan.

A ranar na sare ciyawar bakin ramukan na fara zubi. Amma Farin Dutse ban je ba. Tafiyar yini ɗaya da rabi ce. Kowace shekara nakan ce bayan kaka. Sai da na ƙara shekara biyar sannan na sassaƙa turmi na ƙirya, mafi kyau da hannuna ya taɓa yi, don in sami abin riƙewa a hannu. Na ɗaure shi a jaki, na bi hanyar Gwaram.

Yaya Rabi ce ta fito bakin zaure, ta tsufa fiye da shekarunta. Ta ce maigidan ya rasu da daminar da ta wuce. Na yi ta'aziyya, na sauke turmin, sannan na tsuguna na faɗa mata komai, har gawayin, har ƙafar da na ɗora a kan ɓarɓashi. Ta dubi turmin, sannan ta dube ni.

"Ka san ko barkono bai sake shukawa ba?" ta ce. "In na ce ya sa mini yakuwa a bayan ɗaki, sai ya ce, Rabi, ba ki ga abin da hannun nan ya yi wa irin kakana ba? Da wannan ya kwanta."

Na ce, "Yaya, ki yafe mini."

"Ni me zan yafe? Ba ni ka ce wa ita ce ba. Da ka faɗa masa a ranar, da ya zage ka tas, ya kwashi renonsa ya kai bakin rijiya, jibi ya dawo rumfarka yana kiranka mai kashe itatuwa. Zagin yini ɗaya ka guje wa, Sule."

Ta shiga ciki ta fito da wani ɗan ƙulli na tsumma, bai kai kan yatsa ba. Ta ce a aljihun rigarsa ta same shi, ragowar da ta maƙale a gindin gora ce, ya kakkaɓe ya ƙulle. Ta sa mini a tafi. Na yunƙura zan ɗauki turmin, ina tsammanin ba za ta so ganinsa ba, sai ta ce, "Bar shi nan. Turmi ba shi da laifi."

Na dawo gida na buɗe ramin da ya yi damina biyu cur, na tankaɗe ƙasar da hannu, na yi ɗan fangali a bayan rumfa. Na ƙirga irin a tafina, bai kai talatin ba, baƙi, mara nauyi. Na shuka, na rufe da ciyawa, ina ba shi ruwa safe da yamma da ludayi don kada ya kwashe. Masu lambu suka gaya mini irin albasa ba ya wuce shekara biyu da rai. Na ji su, na ci gaba. Kwana arba'in ina ɗaga ciyawar ina leƙawa. Ba abin da ya fito. Da na je tun ranar da na shinshina ƙasar fadamar nan, wataƙila da biyu ko uku sun tsiro.

Har yau in zafin azahar ya kwantar da ni a rumfa, garin itace yana yawo a cikin haske, nakan ga fangalin nan ya cika da korayen allurai, in ji kukan jakuna biyu a baya. Sai in farka in tarar ɗayanku ne yake jan gungume.

To ga ramukan nan, ku kuke tsallake su kullum in za ku kama ruwa. Na hagu yana ci, na dama yana barci, sai bayan damina mai zuwa za a buɗe shi. Duk mai lambun da ya zo da mangala ku ba shi, kada ku karɓi komai. Roƙona gare ku shi ne, kada ku binne wa kowa ɗanyen itace a ƙarƙashin shukarsa, ko da ya matsa muku, ko da kunya za ta kashe ku. In rami bai nuna ba ku ce bai nuna ba. In kuwa kun riga kun yi kuskuren, mutum ya tsuguna a bakin fangalinsa ya ɗago kai ya tambaye ku, to ku ɗauke ƙafarku daga kan ɓarɓashin, ku ɗauko shi ku sa masa a hannu, tun sauran renon yana kore.